Majami'ar Yahudawa da na gani a tsohuwar Alƙahira, wai ina masu ita suka tafi?

Ummu_Sadiq (Gwammaja):

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masana tarihi da waɗanda suka yi karatu a Masar ku taimaka min da bayani. Kwanakin baya na raka Hajiyarmu Alƙahira ganin likita, ranar da ba mu da asibiti sai direban da yake zirga-zirga da mu ya kai mu masallacin Amru bin Asi muka yi salla, da muka idar ya ce ai nan kusa akwai tsofaffin coci na Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da wata majami'ar Yahudawa wai ita Ben Ezra, tafiyar ƙafa ce kawai. Ni da farko na ɗan ja baya amma Hajiya ta ce mu je mana mu ga ikon Allah.

Wallahi da ba a faɗa min ba sai in ce tsohon masallaci muka shiga. Babu hoton mutum ko gunki ko ɗaya, katako ne aka sassaƙa aka cusa masa fararen abubuwa masu sheƙi, zanen duk irin na taurari da ganyayyaki da ake yi a masallatan garin, ga fitilu na rataye, a tsakiyar ɗakin akwai wani dandamali na mabul mai matakala, can gaba kuma wata 'yar ƙofa da aka fi ƙawatawa, sama kuma bene ya zagaye. Sai dai fa babu mai ibada ko ɗaya, daga 'yan yawon buɗe ido sai 'yan sanda a bakin ƙofa. Direban ya ce ai an daɗe da daina taruwa a ciki.

To tambayata, me ya sa ginin ya yi kama da masallaci haka, su suka kwaikwaye mu ko mu muka kwaikwaye su? Sannan ina mutanen suka tafi, kuma waye yake kashe kuɗi yana gyara wurin tunda na gan shi tsaf kamar jiya aka gama? Abin ya tsaya min a rai sosai, ganin wuri an tsara shi don taron jama'a amma jama'ar babu.

Malam_Azhari:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kin je wurin da su Misirawa suke cewa matattarar addinai, don masallacin Amru da aka kafa wajen 641 da cocinan Kibɗawa da majami'ar duk a waje ɗaya suke, nan ne Fusɗaɗ, garin da Musulmi suka fara kafawa kafin a gina ita Alƙahirar kanta.

Labarin da ake bayarwa shi ne wai asali coci ce, Kibɗawa suka sayar wa Yahudawa a shekarar 882 don su samu biyan harajin da Ahmad bin Ɗulun ya ɗora musu. Wannan labarin baka ne da ya shahara. Abin da yake a rubuce shi ne halifan Faɗimiyya Alhakim ya sa an rushe ta wajen 1012 lokacin da ya matsa wa Kiristoci da Yahudawa, bayan mutuwarsa aka sake gina ta, sannan wannan ginin da kika shiga na wajen 1890 da 'yan kai ne, an rushe tsohon an tayar da sabo a kan tsarinsa. Ganin da kika yi mata fes kuwa ai gwamnatin Masar ce ta gyara, firaminista Mustafa Madbuli da kansa ya buɗe ta a watan Agustan 2023. Hukumar kula da kayan tarihi ce take riƙe da ita kamar yadda take riƙe da masallacin Sulɗan Hasan.

Maganar ina suka tafi kuwa doguwa ce. A 1948 Yahudawan Masar sun kai dubu 75 zuwa 80, yawancinsu a Alƙahira da Iskandariyya, akwai matalautan da suke Haratul Yahud, wato unguwar Yahudawa, ba su jin wani yare sai larabcin Masar, akwai kuma manyan attajirai masu kantuna da bankuna, har ɗaya daga cikinsu Yusuf Ƙaɗɗawi Basha ya riƙe ministan kuɗi a 1924. Daga kafa Isra'ila da yaƙin 1948 zama ya fara gagara, an ta da bama-bamai a unguwarsu. Sai kuma 1954 aka kama wasu matasan Yahudawan ƙasar da leƙen asirin Isra'ila ta sa su dasa bama-bamai, wannan ya shafa wa sauran kashin kaji. Babban tashin shi ne na 1956, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari kan mashigin Suwez, gwamnatin Jamal Abdunnasir ta kori da yawa ta ƙwace dukiyar wasu, mutum zai fita da akwati ɗaya da 'yan kuɗi kaɗan bayan ya sa hannu cewa ba zai dawo ba. Bayan yaƙin 1967 aka tsare mazan da suka rage, da aka sake su suka fice. Wasu Isra'ila suka nufa, wasu Faransa, Amurka, har Burazil. Yanzu waɗanda suka rage a ƙasar gaba ɗaya da yatsu ake ƙirga su, kuma kusan duk tsofaffin mata ne.

Dalilin da ya sa ba a taruwa kenan. A addininsu ibadar jam'i ba ta tsayuwa sai an samu balagaggun maza goma, to ina za a samo su?

Dan_Fagge01:

Gaskiya ni abin nan bai min daɗi ba. Mutanen da suke kashe mana 'yan'uwa a Gaza suna rushe masallatai da asibitoci su ne za mu zauna muna yaba gininsu? Ni da ni ne ko ƙofar ba zan leƙa ba, kuma kuɗin da Masar ta kashe da Falasɗinawa ta ba wa da ya fi.

Akitek_Bashir (Sharaɗa):

Bari in ɗan taɓa ɓangaren ginin tunda shi ne sana'ata, maganar Gaza na san Malam zai fi ni iya amsa ta.

Anti Ummu, amsar tambayarki ta farko ita ce magina ɗaya ne. Yahudawa ba su da wani salon gini nasu na daban da suke yawo da shi, duk garin da suka zauna da hannun maginan garin suke gini. Kafintan da ya sassaƙa mumbarin masallaci shi ko ɗansa zai sassaƙa ƙofar majami'a, da kayan aiki ɗaya da zane ɗaya. Shi ya sa ta Alƙahira take kama da masallacin Alƙahira, ta Fas a Maroko take da tayil irin na Fas, ta Turai kuma take kama da ginin Turai. Kuma su ma kamar mu ba sa sa hoton mai rai a wurin ibada, to dole ado ya koma kan rubutu da zane.

Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin ciki. Wannan ƙofar da kika ga an fi ƙawatawa ma'ajiya ce a jikin bangon da yake fuskantar Ƙudus, nan ake ajiye Attaura, rubutun hannu ne a kan fata ana naɗe ta, kuma akwai fitila a gabanta da ba a bari ta mutu. Dandamalin tsakiya nan mai karatu yake hawa, a tsakiya yake don kowa ya ji tunda babu lasifika a da, jama'a suna zaune sun kewaye shi suna kallon juna, wannan ne babban bambancinsa da masallaci inda muke sahu-sahu. Benen sama na mata ne, matakalarsa daban. Sannan ana yin wani ƙaramin rami na ruwa mai matakala a kusa, na wankan tsarki.

In kin lura ta waje ba ta da wani kwarjini, in ba a nuna miki ba za ki wuce. Wannan da dalilinsa, a ƙasashen Musulmi an daɗe da ƙa'idar cewa wurin ibadar masu zaman amana kada ya ɗara masallaci tsawo, to sai su bar waje haka nan su zuba duk ado a ciki, a wasu garuruwan ma haƙa daɓen suke ya yi ƙasa don su samu tsawon ɗaki ba tare da rufin ya yi sama ba. Amma da zamani ya canza sai ginin ma ya canza. In Allah ya sake kai ki ki sa a bi da ke titin Adli a tsakiyar gari, akwai babbar majami'ar da aka fara a 1899, wani akitek daga gidan Ƙaɗɗawi ne ya zana ta, ita kam a bakin titi take ƙato da ita, an yi fuskarta kamar tsofaffin gine-ginen zamanin Fir'auna da zanen bishiyar dabino. Kana ganinta ka san mutanen da suka gina ta ba su taɓa tunanin barin ƙasar ba, kuma cikin shekara sittin kusan duk suka watse.

Wacce ta fi taɓa ni ita ce ta Iskandariyya a titin Annabi Daniyal. Ta 1354 ce asali, sojojin Napoliyon suka ragargaza ta a 1798, aka sake gina ta a 1850, tana ɗaukar mutum wajen 700, ginshiƙanta dogaye na mabul mai ruwan hoda. A jikin kujerun akwai 'yan farantan tagulla da sunan mai kowace kujera, wani da faransanci wani da larabci. Rufinta ya rufta ta wajen benen mata aka rufe ta, gwamnati ta kashe kusan dala miliyan 4 ta buɗe ta a Janairun 2020, bayan wata guda wasu Yahudawa 'yan asalin Masar wajen 180 suka zo daga ƙasashe daban-daban, wasu suna bin kujerun suna neman sunan babansu.

Malam_Azhari:

Ƙanina Dan Fagge, zafin da kake ji kowa a nan yana jin sa, babu mai imanin da zai ga abin da ake yi a Gaza ransa bai ɓaci ba. Amma ka duba, wurin da Hajiya take magana asalinsa ya girmi ƙasar Isra'ila da ɗaruruwan shekaru, ƙarƙashin sarakunan Musulmi aka gina shi aka kuma kare shi. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a 1204, a nan Fusɗaɗ ya zauna yana likitanci a fadar Salahuddin, wanda ya ƙwato Ƙudus. Tarihin wurin namu ne mu ma. Kuma ka karanta Suratul Hajji aya ta 40, Allah ya ambaci wuraren ibadar Ahlul Kitabi tare da masallatai a matsayin abin da da za a rushe ba don yana kare wasu mutane da wasu ba.

Kuma ba duka ne suka yarda da tafiya ba. Matar da take shugabancin 'yan tsirarun da suka rage a Alƙahira tun 2013, Majda Harun, babanta Shahata Harun lauya ne mai adawa da aƙidar sahayoniya, ya ce shi Bamisre ne ba inda za shi. 'Yarsa ɗaya tana ƙarama ta kamu da kansar jini, aka ce in zai fita da ita magani to ba dawowa, ya zauna, yarinyar ta rasu. Irin waɗannan mutanen ba adalci ba ne a haɗa su da mai jefa bam.

Tunda a Kano muke ma bari in kawo wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Shehu Magili da ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, wanda Sharifai suke danganta kansu da shi, kafin ya iso nan rigimar da ya baro a Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, a kan majami'ar Yahudawan garin Tamanɗiɗ ce. Shi yana ganin an gina ta ba bisa ƙa'ida ba kuma sun karya sharuɗan amana, alƙalin Tuwat Al'asnuni yana ganin a bar su, aka aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis, malamai suka rabu biyu, a ƙarshe wajen 1492 aka rushe ta aka kashe wasu sauran suka watse. Waɗannan Yahudawan kuwa 'yan kasuwar sahara ne da hannunsu yake cikin cinikin zinare. Ka ga ashe muhawarar nan da muke yi tsohuwa ce, kuma tun a lokacin akwai manyan malaman Malikiyya a kowane ɓangare.

Alhaji_Kabiru_Kwari:

Ni ban yi zurfi a karatu ba amma na ga irin wannan a Indiya, garin Kochi a jihar Kerala, lokacin da na kai ɗana aiki a ƙafa. Su ma haka, unguwa guda ake ce mata garin Yahudawa amma yanzu duk kantunan kayan tarihi da kayan yaji ne, masu kantunan ma ba Yahudawa ba. Majami'ar tasu ta 1568 ce, a jikin fadar sarkin garin take don shi ya ba su filin, Turawan Fotugal suka ƙona ta a 1662 aka sake gyara ta.

Abin da ba na mantawa shi ne daɓen. Sai ka cire takalmi kafin ka shiga kamar masallaci, kana takawa tayil ne fari da shuɗi sama da dubu, daga China wani attajirinsu ya yo odarsa a 1762, kowane da hannu aka zana shi, na durƙusa na duba biyu da suke maƙwabtaka, hoton ɗaya ne na bishiya da ruwa da ɗan jirgi amma sai ka ga reshen wannan ya ɗan fi na wancan lanƙwasa. Ni ɗan kasuwa ne, tunanin da na fara yi shi ne yadda aka yi lodinsa a jirgin ruwa na wancan zamanin ya iso bai farfashe ba. Sama kuma fitilun gilas ne na Beljiyam reras, a waje ga hasumiyar agogo ta 1760.

Su kam babu wanda ya kore su, sun zauna lafiya da Hindu da Musulmi, da kansu suka kwashe zuwa Isra'ila daga wajen 1950 zuwa sama. Akwai wata tsohuwa Sara Kohen mai ɗinkin huluna da ta rasu a 2019 tana da shekara 96, wani Musulmi ɗan unguwar ne ya riƙe ta kamar uwarsa har ƙarshe. Kusa da nan kuma akwai wata majami'ar da aka bari, an kwashe katakon cikinta an kai gidan tarihi a Ƙudus, ita kuma ta zama sito, ruwan sama ya kayar da gabanta a 2019. Titi ɗaya fa.

Ummu_Sadiq (Gwammaja):

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Malam akwai abu ɗaya da ya rage, wani mai yi wa Turawa bayani na ji yana nuna sama wajen benen mata yana maganar wasu takardu, ban gane ba saboda turancinsa da sauri.

Malam_Azhari:

Ai wannan shi ne abin da ya sa duniya ta san wurin. Su ma kamar mu ba sa yar da takarda mai sunan Allah a shara, to sai suka ware wani ɗaki marar ƙofa, rami ne kawai a saman bango ta wajen benen mata, duk takardar da ta tsufa a jefa ta ciki. Haka aka yi ta yi kusan shekara dubu, kuma saboda busasshiyar iskar Masar ba su ruɓe ba. Ba littattafan addini kaɗai ba, har wasiƙun 'yan kasuwa da suke fatauci daga Tunis zuwa Indiya, takardun aure da saki, lissafin bashi, takardar magani, allon yara masu koyon baƙi, ƙorafin matar da mijinta ya yi tafiya bai aiko da komai ba. Da yawa larabci ne aka rubuta da haruffan Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami.

A 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotland suka sayi wasu guntaye suka nuna wa wani malami a Kambirij mai suna Solomon Shekta, ya taho Alƙahira ya kwashi wajen guda dubu 193 ya tafi da su, yanzu jimillar abin da yake warwatse a ɗakunan karatu na duniya ya kai wajen dubu 400. Masu binciken tarihin Musulunci ma da su suke aiki, don babu inda aka samu bayanin rayuwar talakan zamanin Faɗimiyya, me yake ci nawa yake biyan haya, kamar a nan. Ni abin da yake min ciwo shi ne ɗalibin Masar sai ya nemi bizar Ingila ko ya shiga intanet kafin ya ga takardun garinsu.

Akitek_Bashir (Sharaɗa):

Abin da Alhaji Kabiru ya faɗa na wacce ta faɗi shi nake so a riƙe. Ginin da babu mutane a ciki ruwa ne yake cinye shi, indararo ya toshe babu mai gani, damina ɗaya biyu azara ta jiƙa, sai rufi ya zauna. A tsohuwar Alƙahira ma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya addabi gine-ginen sai da aka yi babban aikin zuƙe shi.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Dandalin Turawa a cikin gari Larabawan Turabulus da Gadamas ne suka zauna suka yi benayen ƙasa, yau nawa suka rage a tsaye? Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ana ta yankar ta ana fulotai, Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi aka tayar da ta siminti, mu kuwa ba hijira muka yi ba muna nan a garin. Ni da wasu abokan aiki mun fara zagayawa ranar Asabar muna auna tsofaffin soraye muna ɗaukar hoton ɗaurin guga kafin a sa musu katafila, duk wanda ya san wani tsohon gida da ake shirin rushewa ya yi min magana ta inbos.

Dan_Fagge01:

Malam na ji bayaninka kuma na gode, labarin lauyan nan ban taɓa jin sa ba. Har yanzu dai ni zuciyata ba za ta bar ni in shiga ba sai ranar da aka daina zubar da jini a Gaza, wannan ra'ayina ne. Amma Akitek in aikin gidaje ne ina ciki, a Fagge da bakin Kwari akwai ragowar gidajen Kwarori na da, kanti a ƙasa gida a sama da baranda ta katako, guda biyu na sani da aka riga aka sayar za a yi plaza. Ka zo da wuri kafin kasuwa ta cika, wajen ƙarfe takwas, zan haɗa ka da mai gadin ɗaya daga ciki.